Farin Hankici a Layin Gaba

Sau uku Baba Fasto yana rubuta takardar ajiye aiki, sau uku tana ɓacewa tsakanin ɗakinsa da ofishin coci, tafiyar da ba ta kai taku arba'in ba. Mai ɗaukar takardar kuwa ba baƙo ba ne. Ɗansa ne na fari, wanda gida da waje ake kira Babba, shi ne kuma magatakardan ikilisiya. Duk takardar da za ta je gaban dattawa sai ta bi ta hannunsa.

Mama ta san inda takardun suka maƙale. Ta gan su ran da take neman almakashi a durowar teburin Babba, an ninke su an danne da tsofaffin takardun sanarwa. Ta tsaya tana kallon rubutun mijinta: na farko tsaf-tsaf, na biyu ya fara gangarewa, na uku sai ka ce kaza ta bi ta kan takardar. Ta mayar da durowar a hankali kamar ita aka kama da laifi.

Shekarar Baba saba'in da takwas, arba'in da ɗaya daga ciki a kan mumbarin nan ya yi su. Mantuwa ta fara masa da ƙananan abubuwa, tabarau, mabuɗi, sunan jika. Daga nan ta bi shi har cikin coci. Wata Lahadi ya karanta shafi ɗaya na wa'azi sau biyu, jama'a suka ce amin sau biyu, bai gane abin da ya faru ba sai da ya sauko ya ga fuskar matarsa.

Washegari da safe suna shan shayi ya dubi ɗansa.

"Babba, dattawa sun ce me game da takardata?"

"Suna dubawa, Baba."

"Wata bakwai suna dubawa? Layi shida ce fa."

Babba ya tura masa farantin burodi. "Ni ban ma gane wannan gaggawar ba, Baba. Ina aka taɓa jin bawan Allah ya yi ritaya? Kira ne, ba aikin ofis ba. Wanda ya kira ka shi zai sallame ka."

"Ai shi ne yake sallamata," in ji Baba, ya taɓa goshinsa da yatsa. "Ta nan yake gaya mini, kullum sai ya ɗauke abu guda. Bin Yesu ba a ajiye shi, wannan har kabari. Amma mumbari aro aka ba ni. So nake in ɗora wa yaron nan hannu tun ina iya gane shi, in koma layin baya in zauna ina yi masa addu'a. Shi ma aiki ne."

Yaron nan da yake nufi mataimakinsa ne, wanda jama'a ke kira Fasto Mai Keke don a kan keke ya zo musu shekara tara da suka wuce. Tuni ya sayi babur, 'ya'yansa uku, furfura ma ta fara leƙo masa, amma suna ya bi shi. Shi ke zagayen marasa lafiya, shi ke binne matattu, shi ke sasanta ma'aurata. Ran Lahadi kuwa aikinsa bai wuce ya riƙo wa Baba Littafi ya koma ya zauna ba.

Babba ya ci gaba da shan shayinsa. Sai da Mama ta kwashe kofuna ya bi ta kicin, ya turo ƙofa.

"Mama, shekara biyu kacal nake roƙo. Shekara biyu in gama karatun fasto. In Baba ya sauka yau, Mai Keke ne zai hau, kuma mutum mai shekara arba'in in ya hau sai bayan shekara talatin. Ni in fito da takardata in nufi ina? Aikin da Baba ya fara a ƙarƙashin rumfa da mutum goma sha ɗaya, a ce bare ya gaje shi muna kallo?"

"Coci ba gonar gado ba ce, Babba."

"To, gidan nan fa? Na coci ne. Ran da ya sauka, ran nan za mu fara ɗaure kaya. Kin shirya komawa ɗaki biyun nan na bayan gari, inda ko famfo babu?"

Nan Mama ta yi shiru, kuma shirun nan shi ne laifinta, ba ta taɓa musu a kansa ba. A gidan nan ta haifi autarta. Ita ta dasa bishiyar lemon da ke tsakar gida, ita ta san wace taga ke buƙatar a ɗaga ta kafin ta rufu. Shekara arba'in tana zama a layin gaba, mata na durƙusa mata. Ta ci gaba da wanke kofin da ta riga ta wanke.

Mutum dai in yana son abu, dabara ba ta yi masa wuya. Kafin mako ya zagayo Babba ya kawo tsari. Ya sayo farin kwali aka yanka kati-kati. Mama za ta kwafe tsofaffin wa'azin Baba a kansu da manyan haruffa, layi biyar a kowane kati. Ran Lahadi za ta zauna inda ta saba da farin hankici a hannu. In ta ɗaga shi, Baba ya juya kati ya ci gaba. In ta kai shi bakinta, ya ce amin ya zauna. Babba ya ƙara doka ɗaya, ita ya fi nanatawa.

"Baba, in ka rikice, ka tsaya cak. Kada ka motsa, kada ka ce komai. Ka nemi hankici."

"Kamar ɗan makaranta," in ji Baba.

"Na ɗan lokaci ne, kafin dattawa su gama dubawa."

Haka Asabar ta zama ranar gwaji. A kafa tebur a falo a matsayin mumbari, Baba ya tsaya a bayansa, Mama ta zauna a kujera, Babba na tsaye da agogo. In tsohon ya kauce daga kati ya fara ba da wani labari da ya faɗo masa, sai Babba ya tafa hannu a sake daga farko. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana wa'azi da ka, wanda ke sa manyan maza share hawaye, shi ne yau ake tafa wa hannu. Mama na kallon yadda idonsa ya daina duban jama'ar da yake riyawa a gabansa, ya koma duban hannunta kawai.

Abin haushin, dabarar ta yi aiki. Jama'a suka ce Baba ya samu sabon ƙarfi. Matar Babba ta riƙa dawowa daga sujada tana murna. "Ai ko bai ce komai ba, Mama, ganinsa kawai albarka ne." Ba ita ke cire masa takalmi ba. Mama ce ke samunsa zaune a bakin gado har la'asar, da kwat da farar kwala a wuyansa, rigar ciki sharkaf da gumi, abinci ya huce a gefe. Tun daga Juma'a fargaba ke kama shi. Yini guda sai ya tambaye ta sau biyar, "Yau Lahadi ce?" In ta ce a'a, sai ya sauke ajiyar zuciya kamar wanda aka ɗage wa hukunci.

Ita ma ta gaji. Wuyan hannunta ya kumbura da kwafe kati. Ta daina jin wa'azi, ta daina rufe ido in ana addu'a, don in ta rufe wa zai ɗaga hankici? Shekara guda cur Mama tana zuwa coci ba ta yi sujada ba.

Wata Lahadi yana saukowa daga matakalar mumbari fitsari ya kufce masa. Mama ta lura kafin kowa, ta tashi ta bi bayansa kurkusa tana baza mayafinta kamar mai gyara shi, har suka fita ta ƙofar gefe. A ɗaki ya yi kuka, irin kukan tsofaffi marar sauti. Ta ce a ranta yau kam magana ta ƙare. Da ta gaya wa Babba, ya ce abin ba daɗi. Daga ranar aka hana Baba shayin safe ran Lahadi, aka kuma ɗinka masa baƙin wando guda biyu.

Autarsu, wadda ke aikin nas a wani gari, ta zo duba su. Mama ta ja ta gefe ta zayyana mata komai, tana fatan ko mai ilimin asibiti za ta tsawata. Auta ta saurara tana duba wayarta.

"Mama, mu da muke asibiti mun sani. Tsoho in ya daina aiki zubewa yake yi. Aikin nan ne ke riƙe da shi. Ku bar shi yana ɗan motsa ƙwaƙwalwa."

Ta ajiye kwalbar ƙwayoyin ƙara kuzari, ta ɗauki hoto da babanta, ta kama motar yamma.

Mai Keke kaɗai ya zo da maganar da ke da kai. Ya durƙusa a bakin ƙofar kicin ya gaishe ta, ya daɗe yana juya mabuɗin babur a hannu.

"Mama, ina ganin abin da ke faruwa. A bar ni in riƙa yin wa'azin, Baba ya zauna ya sa albarka a ƙarshe. Sunansa na nan a matsayinsa. Ni ba kujera nake nema ba."

Babba ya ji daga falo. Ya fito yana dariya. "Kin ji ko, Mama? Ba kujera yake nema ba." Kafin Lahadi magana ta zagaya cewa Mai Keke ya ƙagu, har gida yake bin tsoho ya sauka. Bawan Allah ya ja bakinsa ya rufe, ya koma zagayen marasa lafiyarsa.

Akwai safiyoyin da hankalin Baba ke dawowa tar, kamar an share gilashi. Wata Laraba irin wannan ya kira ta ɗaki. Ya riga ya rubuta takarda ta huɗu, layi uku, haruffan na hawa kan juna.

"Na gane, Mama," ya ce. "Takardun nan ba sa isa. Ban ce ki gaya mini dalili ba, ɗana ne. Yau dattawa na zama ƙarfe huɗu. Ki kai da hannunki."

Sai ya buɗe bangon Littafinsa ya nuna mata wata takarda a ninke, ta yi laushi don yawan taɓawa.

"Wannan addu'ar da zan yi wa yaron nan ce ran da zan ɗora masa hannu. Ran da na rubuta takardar farko na rubuta ta, tun ina da kaina. Kullum ina bitarta kada ta gudu. Ki taimake ni in sauka da ƙafata."

Ƙarfe huɗu ta ɗaura ɗankwali ta tafi. Ta yi taku arba'in ɗin nan. Tana jin muryoyin dattawa ta taga, har ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai ƙofa ta buɗe Babba ya fito da fayil. Ya dubi fuskarta, ya dubi hannunta, ya ja ƙofar ya rufe a bayansa.

"Mama, me za ki ce musu in sun tambaya dalili? Za ki ce mijinki ya rikice? Za ki ba su labarin kati da hankici? Ke ce fa ke ɗagawa. Shekara guda muna yi wa ikilisiya wasa, kina so a ce da bakinki aka ji? Saura wata goma sha ɗaya. Ki rufa mana asiri, ki rufa wa Baba."

Ta tsaya. Wallahi ta so ta ture shi ta shiga, amma kunya ta fi ƙarfinta, kunyar matan da ke durƙusa mata. Ta cusa takardar a jaka ta juya.

Baba na zaune a ƙarƙashin lemo yana jiranta. "Kin kai?"

"Na kai."

Rabon da ta ga ya yi murmushi irin wannan har ta manta. Ya ci abincinsa tas a ranar. Ya sa ta goge masa kwat, wai kada sanarwa ta same shi a yamutse. Lahadi huɗu a jere yana miƙa wuya in Babba ya tashi karanta sanarwa, Lahadi huɗu ana karanta taron mata da gyaran rufi a zauna. A ta biyar bai miƙa wuya ba. Ya manta ya taɓa rubuta wata takarda. Mama ta ji sauƙi da ya manta, ta kuma tsani kanta saboda sauƙin da ta ji.

Sai ga lokacin baftisma ya zo. A bayan coci akwai kwami na siminti mai matakala uku, ana cika shi da ruwa har ƙugu. Fasto kan shiga ciki, ya tallafi bayan mutum, ya kwantar da shi cikin ruwa da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya ɗago shi. Shekaru uku da suka wuce Mai Keke ke shiga tare da Baba, shi ke ɗaukar nauyin. Bana Babba ya ce a'a.

"In aka gan su tare a ruwa, cewa za a yi Baba ya kasa. Mutum shida ne kawai. Mai Keke ya tsaya a waje ya riƙe tawul."

"Babu kati a cikin ruwa," in ji Mama.

"Kalma nawa ce? Ya faɗe ta sau dubu. Ke dai ki tsaya inda zai gan ki."

Ranar, bayan sujada, jama'a suka zagaye kwamin. Mama ta kama wuri a baki, amma mawaƙa suka matso, masu ɗaukar hoto da waya suka kutso, kafin ta ankara an tura ta baya layi uku. Babba da kansa ya cire wa Baba tabarau kada ya jiƙe, ya riƙe hannunsa ya sauka matakala.

Ta farko wata tela ce, mace mai 'ya'ya biyu, ita ke ɗinka rigunan mawaƙa. Ta daɗe tana cewa ba wanda zai yi mata baftisma sai Baba, don shi ya binne mahaifiyarta. Ta sauka cikin farar riga tana murmushi, ta haɗa hannuwa a ƙirji. Baba ya tallafi bayanta, ya dafa goshinta, ya kwantar da ita. "Da sunan Uba," ya ce. Sai maganar ta ɗauke.

Ya yi abin da aka koya masa kowace Asabar. Ya tsaya cak. Bai motsa ba, bai ce komai ba. Hannunsa na kan goshin matar a ƙarƙashin ruwa, ya ɗaga kai yana neman hankici.

Mawaƙa na ta rera waƙa, ba su lura ba. Mama ta hango fuskarsa ta tsakanin kafaɗu, ta san wannan kallon. Ta fizgo hankici ta ɗaga sama tana kaɗawa, amma ba tabarau, ga fararen riguna ko'ina, me zai gani? Ƙafafun tela suka fara dukan ruwa. Mama ta buɗe baki ta ce a ɗago ta, waƙa ta haɗiye muryarta. Mai Keke ne ya watsar da tawul ya faɗa ruwan da takalminsa, ya ɓamɓare hannun tsohon ya ciro matar.

Ta rayu. Aka kwantar da ita a gefe tana aman ruwa, 'ya'yanta na kuka. Waƙa ta mutu. Baba na tsaye cikin ruwa har ƙugu yana rawar sanyi, yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Cikin shirun nan kowa ya ji abin da ya ce.

"Ban ga hankici ba."

Ba wanda ya gane sai mutum uku: Mama, Babba da Mai Keke.

Dattawa suka zauna washegari, wannan karon ba a yi wata bakwai ana dubawa ba. Abin da Babba ya gaya musu, kafin yamma ya fito gari. Wai iyali sun yi, sun yi, Baba ya ƙi sauka. Wai sun roƙe shi da hawaye, amma kun san tsofaffi da mulki. Mama ta ji da kunnenta a bakin shago, wasu mata biyu da ba su ga shigowarta ba. "Shekara arba'in ba ta ishe shi ba, sai ya kashe 'yar mutane." Ta ajiye sabulun da ta ɗauka ta fita. Mutumin da ya roƙi sauka sau huɗu, shi aka rataya wa sunan mai kwaɗayin kujera, kuma ba shi da sauran kan da zai kare kansa.

Bayan ruwan nan Baba bai ƙara dawowa daidai ba. Safiyoyin nan masu haske suka ƙare. Mako uku bayan haka aka yi sujadar miƙa aiki. Coci ta cika. Babba ya yi jawabi mai daɗi a madadin iyali, ya gode wa Allah da ya taushi zuciyar mahaifinsu ya yarda ya huta. Aka kamo hannun Baba aka kawo shi gaba. Mai Keke ya durƙusa. Shugaban dattawa ya ɗauki hannuwan tsohon biyu ya ɗora a kan mai durƙuson, ya matsa masa abin magana kusa da baki.

Baba ya dubi kan da ke ƙarƙashin hannunsa. Ya sunkuya ya leƙa fuskar.

"Wane ne wannan?" ya tambaya, abin magana ya kai tambayar har layin baya.

Sai ya tsaya cak, ya juya ga layin gaba.

Hankicin na hannun Mama. Ta dube shi, ta cusa shi a jaka, ta tashi. Ba a taɓa ganin ta hau matakalar nan ana sujada ba. Ta ɗauki Littafinsa daga kan tebur, ta zaro takardar da ke bango, ta tsaya kusa da mijinta. Da farko ta karanta kwanan watan da ke sama, ta maimaita shi don kowa ya lissafa da kansa: shekara biyu ba wata ɗaya. Sannan ta karanta addu'ar.

"Ya Ubangiji, yau na ba ɗana takardar ajiye aiki ya kai wa dattawa. Ga jama'arka, ban riƙe ko ɗaya don kaina ba. Ka ba wannan bawa naka abin da ka ba ni, ka ƙara masa abin da ban samu ba. In ya canja abin da na kafa, ka ba ni bakin yin shiru. In ya fi ni, ka ba ni zuciyar yin murna. In nasa lokacin ya yi, ka ba shi iyalin da za su riƙe hannunsa ya sauka, kamar yadda ka ba ni."

A wannan layin ne muryarta ta karye. Kafaɗun Mai Keke na girgiza a ƙarƙashin hannuwan tsohon. Mama ta buɗe jaka ta ciro takarda ta huɗu, ta ajiye a gaban shugaban dattawa.

"Uku suna durowar magatakarda," ta ce. "Wannan a hannuna ta maƙale. Na ce masa na kawo, ban kawo ba. Bai taɓa ƙin sauka ba. Mu muka hana shi."

Ta kama hannun mijinta suka sauka, matakala ɗaya-ɗaya. Ba ta dubi inda Babba yake ba.

Kada ka ɗauka wani abin kirki ya biyo baya. Dattawa suka ce za su duba maganar magatakarda, har yau suna dubawa. Babba ya gama karatunsa, ya samu wata ikilisiya a wani gari, an ce wa'azinsa kan girmama iyaye na sa mutane kuka. Auta ta bugo waya ta ce Mama ba ta kyauta ba da ta fasa maganar gida a gaban jama'a. Tela ta koma wata coci. Masu cewa tsoho ya ƙi sakin kujera kuwa, rabinsu ba su zo sujadar ba, suna nan suna faɗa.

Abin da Baba ya roƙa ba shi da yawa. Ya sauka da ƙafarsa, ya sa albarka da bakinsa, ya zauna a layin baya. Ba maƙiyi ne ya hana shi ba, ba bare ba. Waɗanda ke cin abinci a teburinsa ne, kowa da dalilinsa mai kyau, ɗaya gado, ɗaya lafiya, ɗaya albarka, ɗaya bishiyar lemo.

Yanzu suna ɗaki biyun nan na bayan gari. Mai Keke kan zo duk Talata da jarkokin ruwa a bayan babur, ya zauna ya gaya wa Baba yadda aiki ke tafiya, Baba na gyaɗa kai cikin ladabi kamar yadda ake yi wa baƙo. Ran Lahadi Mama kan kai shi layin baya, inda ya ce yana so. Ba ya addu'a. Hannunta yake kallo.

Da safe takan haɗa masa shayi, har da na Lahadi, ta ajiye a gabansa. Sai ya kama kofin da hannu biyu ya tsaya cak. Ta ce, "Sha mana, Baba." Ba ya sha. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta taɓa barinsa har shayin ya yi sanyi ko zai gaji ya kai baki, bai kai ba. Ta yi rantsuwa ran sujadar nan cewa ba za ta ƙara taɓa hankicin ba. Rantsuwar kwana biyu ta yi.

Takan zauna a gabansa, ta ciro shi daga jaka, ta ɗaga. Sannan ya sha.